Makullai Tara

Zauna nan, Zuwaira, matso kusa.
Ga makullai tara. Wannan mai lanƙwasa
na ɗakin ƙurya ne, sai kin tokare ƙofar da gwiwa.
Idona ya yi hazo, ƙafa ta ƙi kai ni Zariya,
daga yau ke ce mai gidan haya.

Da kuɗin man gyaɗa na sayi filin,
kwalba kwalba, shekara goma sha ɗaya.
Kafin in biya na je cikin watan takwas,
na tsaya da lema ina kallon inda ruwa yake kwana.
Da rani kowane fili kyakkyawa ne.
In za ki ƙara saye, ki tambayi damina,
ita ba ta cin la'ada.

Takardar fili tana cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa.
Mai son gani ya gan ta a hannunki.

Wani Nomau ya zo mini da shadda mai maiƙo,
bakinsa kamar an zuba zuma.
Wata bakwai ina shan gobe da jibi,
ran nan da asuba ya loda kaya sai Jibiya,
har ƙwan fitila bai bar mini ba.
Tsalha mai gyaran rediyo kuwa,
riga ɗaya, ita ma da faci a kafaɗa,
shekara tara bai taɓa wuce biyar ga wata ba.
Don haka kar ki kalli riga.
Ki je unguwar da mutum ya baro,
ki sayi sukari wurin mai tebur, ki ja shi da hira,
shi ya san wanda ke biyan bashi.

Ki rubuta. Kuɗi nawa, ran nawa, wa ke yashe masai,
shaidu biyu su sa hannu.
Ko ɗan'uwa ne. Balle ma ɗan'uwa.
Jadi ɗan ƙanena ya zauna kan amana,
yau shekara shida ko a gidan suna
ba ma haɗa ido.

Kwantar wuta ɗaya ga ɗaki tara
faɗa ne kika saya da kuɗinki.
Wannan tana da firiji tana sayar da ƙanƙara,
wancan ƙwai ɗaya gare shi, da isha ya kashe,
ki ce su raba daidai?
Na sha wannan shari'a har na ƙoshi. Ki raba musu.

Cikin kowace jikka goma, biyu ba naki ba ne.
Na kwano ne, na indararo, na gara,
na bangon gabas da ruwa ke duka.
Ki kira Ma'azu magini tun ana zafi,
in hadari ya taso kowa na nemansa,
kuɗinsa ma tashi suke.

Ɗaki ya kwana wata biyu ba kowa
ya fi a sa mugu a rasa yadda za a fid da shi.
In za ki ƙara kuɗi, ki faɗa tun da saura wata uku.

Kar ki je karɓa lokacin tuwo.
Kar ki tambayi mutum kuɗi gaban 'ya'yansa.
Kuma ki koyi bambance wanda ya rasa da wanda ya ƙi.
Da mijin Baraka ya rasu
na ɗauke kai wata huɗu, ban ce uffan ba.
Da ta fara tuyar ƙosai ta biya, dala dala,
yanzu ita ke aiko yaro da gudu
in famfo ya fara ɗiga.

To, tashi, rana na yi.
Ki fara da gaisuwa ɗaki ɗaki, kar ki ambaci kuɗi yau.
Ungo man nan, ki ɗiga wa na ƙurya.